Jirgin Sama Mai Feshin Ruwa Ba Ya Kashe Gobara Shi Kaɗai

Malam Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan shafi namu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wata magana da ke tasowa duk shekara da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, ciyawa ta bushe, gobara ta fara cin gonaki da rumbuna da kasuwanni. Maganar kuwa ita ce ta jiragen saman nan masu kashe gobarar daji da ake gani a talabijin da wayoyin hannu, suna sauka a kan tafki su kamfaci ruwa su je su kwarara wa wuta. Duk inda ka zauna, a tashar mota ne ko gindin bishiya ko teburin mai shayi, sai ka ji ana cewa, "Kai, da gwamnati za ta sayo mana irin waɗannan ai da mun huta da gobara."

To, ni dai ra'ayina ya sha bamban. Ba wai na raina jirgin ba ne, a'a, abu ne mai amfani ƙwarai a inda ya dace. Amma ina so 'yan'uwana manoma da makiyaya da ƙananan 'yan kasuwa su san abin da jirgin nan yake iyawa da abin da ba ya iyawa, don kada wata rana wani mai neman ƙuri'a ko mai neman kwangila ya zo ya ruɗe mu da hotonsa, alhali garinmu ko guga goma na kashe wuta babu.

Bari in fara da shi kansa jirgin. Wanda aka fi gani, mai launin rawaya da ja, ƙirar ƙasar Kanada ne, kamfanin Canadair ya fara ƙera shi. Na farkonsa, wanda ake kira CL-215, ya fara tashi a shekarar 1967, sa'an nan ƙanensa CL-415 ya biyo baya a 1993. An yi cikinsa kamar kwalekwale, domin ya iya sauka a ƙasa ya kuma iya sauka a ruwa. Idan zai ɗebi ruwa ba tsayawa yake yi ba. Yakan sauko ne ya riƙa shafar bayan ruwan da gudu kamar kilomita 130 a sa'a, ya sako wasu 'yan bakuna biyu a ƙarƙashinsa, ƙarfin gudun ne yake tura ruwan cikin tankunansa. A cikin daƙiƙa 12 kacal ya sha lita 6,000 da 'yan kai. In an kwatanta da abin da muka sani, wannan ya kai durum 30, ko kuwa jarka 240 irin ta 'yan garuwa. Daga nan sai ya ɗaga, ya nufi wutar, ya yi ƙasa-ƙasa har ya kusa taɓa kan itatuwa, ya buɗe ƙofofin cikinsa ya saki ruwan, ya juya ya koma tafki. Idan ruwan yana kusa, haka zai yi ta sawu har mansa ya ƙare.

Akwai kuma manyan jirage, waɗansu tsofaffin jiragen fasinja ne aka cire kujerunsu aka sa tankuna, kamar DC-10 da ake aiki da shi a Amurka, wanda ke ɗaukar fiye da lita 35,000 a sawu guda. Su waɗannan ba sa sauka a ruwa, sai sun koma filin jirgi an ɗura masu. Kuma jan abin nan da ake gani suna zubarwa ba fenti ba ne, ba kuma zallar ruwa ba. Ruwa ne da aka dama da wani sinadari dangin takin zamani, wanda idan ya manne a jikin ciyawa da ganye sai su ƙi kamawa da sauri, ko da ruwan ya bushe. An sa masa ja ne don matuƙi ya ga inda aka zuba, ya ɗora daga nan. Kuma yawanci ba a kan wutar ake zuba shi ba, a gabanta ake ja mata layi, a rage mata abinci. Sai kuma jirgi mai saukar ungulu, wanda ake rataya wa wani ƙaton guga da igiya, ya tsoma a kududdufi ko dam kamar yadda muke jan ruwa a rijiya, ya kai inda babban jirgi ba zai iya shiga ba.

Duk wannan abin sha'awa ne. Amma jama'a, ga inda gizo ke saƙar. Su kansu masu wannan sana'a ba su taɓa cewa jirgi ne ke kashe gobarar daji ba. Aikin jirgi shi ne ya karya wa wutar lago, ya sassauta mata gudu, ya rage zafin har mutum ya iya kusantar ta. Wanda ke gama aikin shi ne mutumin da ke ƙasa da ƙafarsa, riƙe da gatari da shebur da fartanya. Idan jirgi ya zuba ruwa babu mai bin bayansa, to cikin ɗan lokaci ruwan zai bushe, kututturen da ke ci a ɓoye ya sake ruruwa, iska ta hura, a koma gidan jiya.

A Amurka akwai ƙungiyoyin ma'aikatan daji da ake kira Hotshot, kowace ƙungiya kamar mutum 20. Abin da suke yi ba zai zama baƙo ga manomi ba. Sukan jeru ne kamar 'yan gayya, na gaba suna sare itatuwa da zarto mai inji, na baya suna kankare ciyawa da ganye har sai an ga jar ƙasa, su yi ta jan wannan layi har su kewaye wutar. Idan ta iso layin ba ta sami abin ci ba, sai ta kwanta. Babban makaminsu wani ƙarfe ne mai baki biyu, gefe ɗaya gatari gefe ɗaya kamar fartanya, ana kiransa Pulaski, sunan wani malamin daji da ya ceci yawancin mutanensa a babbar gobarar 1910 ta hanyar shigar da su ramin haƙar ma'adinai. Wani lokaci kuma sukan kunna tasu wutar daga bakin layin, ta ci ta nufi babbar, in sun haɗu sai kowace ta rasa abin ci. Akwai ma waɗanda ake sakowa da laima daga jirgin sama zuwa tsakiyar dajin da mota ba ta zuwa, domin su tari wuta tun tana ƙarama. Amurka ta fara wannan a 1940. Bayan harshen wuta ya mutu kuma aiki bai ƙare ba. Sai sun bi toka taku-taku, suna tonawa, suna shafawa da bayan hannu don su ji inda ke da sauran ɗumi. Wannan wahalar ba a nuna ta a talabijin, domin ba ta da kyan kallo kamar jirgi.

Kuma aiki ne na sai da rai. A watan Agusta na 1949, a wani kwari da ake kira Mann Gulch a jihar Montana, wuta ta tsallako ta tare wa 'yan laima hanya, ta biyo su a kan gangaren dutse mai busasshiyar ciyawa, mutum 13 suka rasu. Shugabansu, Wagner Dodge, da ya ga ba za a tsere mata ba, sai ya ƙyasta ashana ya ƙone ciyawar da ke gabansa, ya kwanta a cikin tokar, wutar ta zo ta kewaye shi ta wuce. A ƙarshen watan Yuni na 2013 kuma, a Yarnell ta jihar Arizona, iska ta juya farat ɗaya, ma'aikata 19 na ƙungiya guda suka mutu a wuri ɗaya. Matuƙa ma ba su tsira ba. A watan Janairu na 2020 jirgin C-130 ya faɗi a Ostireliya da Amurkawa uku a ciki, babu wanda ya fita. A watan Yuli na 2023 wani CL-215 ya faɗi a tsibirin Ebiya na ƙasar Girka jim kaɗan bayan ya saki ruwa, matuƙansa biyu suka rasu. Tuƙin jirgi ƙasa-ƙasa a cikin hayaƙi da zafi da iska mai murɗawa, ga nauyin tan shida da ke barin jikinsa a lokaci guda, ba wasan yara ba ne.

Yanzu bari mu duba ranar da aka fi bukatar jirgin, shin yana nan? Gobara takan fi yin ɓarna ne a ranar da iska ta haukace, ita ce kuma ranar da jirgi ba ya iya aiki. A ranar 7 ga Janairu, 2025, wuta ta tashi a gefen birnin Los Anjeles na jihar Kalifoniya, inda kuɗi da kayan aiki ba su yi ƙaranci ba. A daren nan dole aka sauke jiragen saboda ƙarfin iska, domin ko an zuba ruwan ma iska ce za ta watsar da shi kafin ya kai ƙasa. Kafin a shawo kan gobarar, gine-gine fiye da 16,000 sun ƙone, mutum wajen 30 sun rasa rayukansu. Kwana biyu da farawa kuma wani ɗan kallo ya tashi ɗan ƙaramin jirginsa marar matuƙi don ɗaukar hoto, ya je ya huda fiffiken ɗaya daga cikin jiragen da lardin Kwibek na Kanada ya turo, jirgin ya yi kwanaki a ajiye ana gyara.

Ita kanta Kanada, uwar masu ƙera jirgin, a shekarar 2023 ta yi asarar daji kimanin hekta miliyan 15, wato faɗin Jihar Kano har sau bakwai. Hayaƙin ya tsallaka iyaka ya mai da sararin birnin Niyu Yok ja kamar ranar da hazo ya yi tsanani. A watan Agusta sai da aka kwashe kusan duk mutanen birnin Yellowknife. Me Kanada ta nema daga ƙasashen duniya a wannan shekara? Babban abin da ta nema shi ne mutane, masu hannu da ƙafa. Aka turo mata daga Amurka da Faransa da Ostireliya da Meziko da Koriya ta Kudu, har da ɗaruruwan matasa daga Afirka ta Kudu, waɗanda suka sauka a filin jirgin Edmonton suna waƙa da rawa kafin su shiga daji.

Don kada a ce na yi son kai, bari in kawo hujjar masu cewa a saya, domin suna da ita. A watan Agusta na 2021 gobara ta tashi a duwatsun Kabiliya na ƙasar Aljeriya, wajen Tizi Uzu. Mutum aƙalla 90 suka mutu, 33 daga cikinsu sojoji ne da aka tura ceton ƙauyuka. Mutanen ƙauye sun fita da rassan itace da bokitai, ƙasar kuwa ba ta da irin waɗannan jirage nata na kanta, sai da ta nemo daga Turai wuta na ci. Jama'a suka yi ta ƙorafi, kuma suna da gaskiya, domin ƙauyukan a kan duwatsu suke, hanyoyin ƙanana ne masu kwana-kwana, daji ya kewaye su, ga teku nan kusa inda jirgi zai sha ruwa. Daga baya Aljeriya ta sayo Be-200 ƙirar Rasha, mai ɗaukar lita 12,000. Maƙwabciyarta Maroko kuwa ta daɗe da mallakar nata Canadair. A irin wannan wuri sayen jirgi hankali ne. Amma ko a can ɗin, a watan Yuli na 2023 wuta ta sake tashi ta kashe mutum 34, goma daga ciki sojoji. Ashe jirgi taimako ne, ba laya ba ce.

Sai maganar kuɗi. An daina ƙera CL-415 tun 2015. Sabon da kamfanin De Havilland na Kanada ya ɗauko, DHC-515, layi ake bi, mai saye sai ya jira shekaru. A 2024 ƙasar Girka ta ƙulla cinikin guda bakwai a kan yuro miliyan 361, wato kowane ɗaya ya haura yuro miliyan 50 idan an haɗa da kayan gyara da koyarwa. Kowa ya ɗauki alƙalami ya mai da wannan naira ko sefa ya gani. Kuma saye shi ne mai sauƙi. Sai an riƙe matuƙa da injiniyoyi shekara zagaye, ana biyan su ko da wuta ko babu, sai an tanadi mai, sai an riƙa sayo kayan gyara da kuɗin waje. Ƙasashen Turai ma da suka fi mu ƙarfin aljihu haɗa kai suka yi, suna aron juna jirage idan ta ɓaci. Mu da muka san yadda motar kwana-kwana ke zuwa wurin gobara a makare, wani lokaci ma tankinta babu ruwa, wa zai riƙe mana jirgi? Wanda bai iya riƙon jaki ba, ina shi ina doki?

Yanzu na juyo gare ku 'yan'uwana 'yan kasuwa, domin ku kuka fi yin wannan fata, kuma ban ga laifinku ba. Wanda ya ga abin da ya sami Kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021, ya ga mutum ya kwana da jari ya wayi gari da toka, dole ya nemi kowace irin dabara. Amma ku sani ba a ƙera jirgin nan don kasuwa ba. Lita 6,000 na ruwa nauyinsa daidai yake da buhun masara 60. Ku dubi a sako buhu 60 daga sama, da gudun jirgi, a kan rumfunan kwano da mutanen da ke ƙoƙarin fid da kayansu. Abin da wuta ta rage ai ruwan ne zai rushe shi, har da masu shi. Sa'an nan wutar kasuwa a ƙarƙashin rufi take ci, a cikin shaguna kulle, ruwan sama kuwa a kan kwano zai tsaya. A watan Afrilu na 2019, lokacin da tsohuwar majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris ta kama da wuta, shugaban Amurka Donald Trump ya ba da shawara a yi amfani da jiragen ruwan nan. Hukumar kare farar hula ta Faransa, wadda ita ke da jiragen, ta amsa cewa nauyin ruwan zai iya rushe ginin baki ɗaya. 'Yan kwana-kwana ne da mesa da tsani suka kwana suna fama har suka ceci ginin. Bugu da ƙari, gobarar kasuwa ta fi tashi da tsakar dare, su kuwa jiragen da ke shan ruwa a tafki yawanci da rana suke aiki.

To dajinmu fa? Nan ma sai an yi tunani. Na farko, jirgin yana bukatar shimfiɗaɗɗen ruwa mai tsawon fiye da kilomita ɗaya, mai ɗan zurfi, marar kututture, marar kwalekwale da tarun masunta. Muna da irin su Tiga da Kainji da Bakolori da Goronyo da Kogin Kwara, amma ƙauye nawa ne ke kusa da su? Mai kiwo a Dakoro ko Abalak, ina tafkin da za a sha masa ruwa a tsakiyar rani? Idan jirgi zai yi tafiyar rabin sa'a kafin ya dawo da durum 30, ai wuta ta riga ta yi abin da za ta yi. Na biyu, lokacin gobararmu shi ne lokacin hazo, kuma kowa ya san yadda hazo ke hana jiragen fasinja ma sauka a Kano da Sakkwato da Maiduguri, balle wanda zai bi saman itatuwa. Na uku, tamu wutar ta ciyawa ce. Ba ta yin makonni a wuri ɗaya kamar ta dazuzzukan Kanada. Idan ta sami iska takan tsere wa mai gudu da ƙafa, cikin sa'a ɗaya ko biyu ta lashe makiyaya da tarin dawa da rumbu ta wuce. Kuma ba guda ɗaya ba ce. Masu nazarin hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna cewa mafi yawan ƙasar da ke ƙonewa a duniya kowace shekara a Afirka take, dubban ƙananan wutace a warwatse. Jirgi nawa za a saya?

Abin da ya fi kama da halinmu shi ne abin da maƙwabta suka yi. A 1983 fari ya haɗu da gobarar daji a ƙasar Gana, gonakin koko da na abinci suka ƙone, a shekarar da kuma aka mai da 'yan Gana wajen miliyan ɗaya gida daga Nijeriya. Aka yi yunwar da har yau dattawa ba su manta ba. Gana ba ta ruga sayen jirgi ba. A 1990 ta kafa dokar hana ƙona daji barkatai, wadda ta tanadi ƙungiyoyin 'yan sa kai na kashe gobara a garuruwa da ƙauyuka, hukumar kwana-kwana tana koya masu aiki. A Jamhuriyar Nijar kuma, bayan damina akan ɗauki mutanen karkara a yankunan Tawa da Maraɗi da Damagaram su share dogayen layuka masu faɗi a cikin makiyaya domin su datse wuta, a biya su ladan aikinsu, ciyawar da aka kwashe kuma ta zama abincin dabbobi. Ita kuwa Afirka ta Kudu a 2003 ta kafa shirin Working on Fire, ta ɗebi dubban matasa marasa aikin yi, maza da mata, ta horar da su, ta ba su albashi. Suna da jirage masu tallafa masu, amma ginshiƙin shirin mutane ne. Su ne yaran da na ce Kanada ta nema. A Ostireliya ma, duk da arzikinta, yawancin masu fita kashe gobarar karkara 'yan sa kai ne, manoma da masu shaguna da malaman makaranta, waɗanda ke ajiye sana'arsu idan an yi kira.

Saboda haka, Malam Edita, ina kira ga ƙananan hukumomi da gwamnatocin jihohi da su fara daga ƙasa. A kafa ƙungiyar matasa a kowace gunduma ƙarƙashin dagaci da mai unguwa, a sa 'yan kwana-kwana da malaman daji su koya masu aiki kafin kaka ta ƙare, a ba su takalma masu kauri da shebur da manjagara da tankin goyo irin na feshin gona, a kuma ba su ɗan abin hasafi a watannin hunturu. A koya masu cewa ba a tarar wuta ta gaba inda iska ke tura ta, ta gefe da ta baya ake bin ta. A koya masu cewa wuta ta fi gudu idan tana hawan tudu, kuma wurin tsira shi ne inda ta riga ta cinye ko fili marar ciyawa. Kuɗin fiffiken jirgi ɗaya ya isa ya yi wa ƙauyuka masu ɗimbin yawa wannan hidima.

Ina kuma kira ga sarakunanmu da hakimai da su dawo da gayya a kan wannan al'amari. Da an gama girbi a yi shela, a fita a share kewayen gari da kewayen rumbuna da wurin tara amfanin gona, kada a bar kara da ciyawa su manne da danga. A ja kunnen masu cinna wa daji wuta don farautar gafiya da zomo, da masu cin zuma, da masu gawayi, da matafiyin da ke jefar da guntun taba ko ya bar wutar jin ɗumi bai rufe ta da ƙasa ba. Gafiyar nawa take, da za a ƙone wahalar mutum ta shekara guda a kanta? Wanda zai ƙona sharar gonarsa kuma ya jira iska ta kwanta, ya share gefe, ya sanar da maƙwabta, kada ya bar wurin sai ya tabbata ta mutu.

Ku kuma shugabannin kasuwa, maimakon jiran abin da zai zo daga sama, a buɗe layukan da aka toshe da tebura da kwantena domin motar kwana-kwana ta sami hanya. A haƙa rijiyar burtsatse da babban tanki a cikin kasuwa, a tabbata kullum cike yake. A kira ƙwararren mai gyaran wuta ya duba wayoyin da aka yi wa jone-jone, a raba janareta da jarkar fetur daga wurin kaya, a kashe komai kafin a rufe shago. Masu gadi kuma a ba su lambar wayar 'yan kwana-kwana da tukunyar kashe wuta, a koya masu yadda ake buɗe ta. Wutar da guga biyu za su kashe a minti na farko, idan ta yi rabin sa'a mota goma ma sai sun yi da gaske.

Idan mun yi duk wannan, sa'an nan gwamnatin tarayya ta ga akwai bukatar jirgi mai saukar ungulu ɗaya ko biyu da guga don manyan gandun daji irin su Yankari, ko don ɗaukar ma'aikata zuwa inda mota ba ta shiga, ni ba zan ce uffan ba, domin a lokacin akwai mutanen da za su bi bayansa a ƙasa. Amma a fara da jirgi alhali babu ko ƙungiya ɗaya mai shebur, wannan ɗora jinka ne ba a yi gini ba.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mun ga abin da ya sami Kanada da Aljeriya da Kalifoniya, su da ke da abin da ba mu da shi. Abin da ke hannunmu shi ne fartanya da haɗin kai da kunnen jin gargaɗi, kuma hunturu ba ya jiran kowa. Ina fata waɗanda abin ya shafa za su duba wannan magana da idon basira tun ciyawa ba ta gama bushewa ba.

Allah ya kiyaye mu da dukiyoyinmu daga sharrin gobara, amin.

Naka mai karatu a kullum,
Mai Kishin Karkara.